Auta Ba Ta Canki-canka

A ɗakin ba da magani na asibitin akwai tagogi uku, kuma duk wanda ya saba zuwa ya san layin da ba ya sauri: na tagar Auta. Ba wai hannunta ne da nauyi ba. In likita ya yi rubutun mutane, kafin ka gyara tsayuwa ta zuba ƙwayoyi a leda, ta rubuta maka na safe da na yamma, ta kira na bayanka. Sai dai rubutun mutane ba ya cikin abin da ake koya wa likitoci. Da harafi ɗaya ya shige mata duhu, sai ta ajiye katin, ta ɗago ido ta ce, "Bari in tambaya," ta jawo wayar tebur. Ko da kowa a ɗakin ya san abin da likitan ke nufi, ko da ita kanta ta sani, sai ta ji daga bakinsa. Likitoci sun yi tsaki har sun gaji, abokan aiki suka laƙaba mata Bari-in-tambaya, ita kuwa ko a jikinta. Tsohon da ya koya mata aikin ya ce abin da ba ta tabbatar ba kada ya fita ta tagarta, kuma duk shekarun nan bai fita ba.

Wannan halin da ya tsare mata mutunci a wurin aiki, shi ne ya kayar da ita a jarrabawar Japananci.

Mijinta mai walda ne a wani kamfanin gyaran jiragen ruwa a Japan. Ya tafi 'yarsu tana rarrafe, yanzu yarinyar ta shiga firamare, kuma abin da ta sani na ubanta shi ne fuska a waya, wadda kan daskare baki buɗe in sabis ya yi rauni. Cingam suke ce mata, don tun tana ƙarama ba ta sakin gefen rigar uwarta. Da ƙyar da jiɓin goshi mai walda ya samo wa matarsa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi kusa da inda yake, har da makarantar da za ta karɓi Cingam. Sharaɗi ɗaya masu gidan suka gindaya: ta kawo shaidar cin jarrabawar harshen, matakin tsakiya. Ta zauna sau ɗaya ta faɗi. Suka ce za su riƙe mata gurbin zuwa zama na gaba, in ba ta kawo ba su ba wani. Cikin ladabi suka faɗa, har da ba da haƙuri, amma dai sun faɗa.

Jarrabawar kashi uku ce: kalmomi da nahawu, karatu, sai sauraro. Ba rubutu ake yi ba. A ba ka tambaya da amsoshi huɗu, ka zaɓi ɗaya ka baƙanta 'yar da'irarta da fensir. Kowane kashi da makin da dole ka kai, ko da ka yi zarra a sauran. Auta ta wuce a biyu, karatu ya riƙe mata ƙafa.

Ita da Cingam a saman shagon Yaya suke zaune. Yaya ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau kallon 'yar goye take mata. Ɗinkin labule take yi, mace ce da ba ta yarda da tef ɗin awo ba. Ta shiga falonka ta kalli taga sau ɗaya, ta ce yadi kaza, ta dawo ta sa almakashi. Yawanci yakan yi daidai. In bai yi ba, ta ƙara leshi a ƙasa ta ce yayi ne. Haka take da girki, haka take da hanya, haka take da maganin hawan jininta: ƙaramin fari da safe, mai ruwan hoda in ta tuna. Shi ya sa duk Lahadi Auta ke jera mata ƙwayoyin mako a 'yar akwatin roba mai ɗaki-ɗaki, tana yi tana faɗa, Yaya na cewa, "To, likita."

Lahadin ce kuma ranar jarrabawar gwaji. Shago a rufe, a share teburin yanka, a tura Cingam wasa wurin maƙwabta. Auta ta zauna da fensir biyu da magogi, Yaya ta saita agogon waya ta hau kujerar keken ɗinki tana sa ido kamar an biya ta. Littafin gwajin mai walda ne ya aiko da shi, ƙato mai kauri, amsoshin na shafukan baya. Yaya ta yage su ta sa a aljihun keke. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba na Japananci, amma ta san ɗaya, biyu, uku, huɗu, kuma iyakar abin da dubawar ke bukata ke nan.

Wata Lahadi agogo ya yi ƙara, Yaya ta fizge takardar, ta sa tabarau, ta bi layi da jan biro. Da ta kai ƙarshe ta ɗago kai.

"Auta, duk wanda kika cike kin ci."

"Alhamdu lillahi."

"Ban gama ba. Waɗannan fa?" Ta juyo mata takardar. Sashen karatun ya yi kama da bakin Cingam da ke famfara, haƙori nan, giɓi nan, giɓin ma ya fi yawa.

"Ban tabbatar da su ba."

"Ana rage wa mutum maki in ya yi kuskure?"

"Ba a ragewa."

"Wanda ya bar wuri fayau fa, ana ba shi ladan gaskiya?"

"Yaya, ba canki-canka zan je yi ba. In na baƙanta abu, cewa na yi na sani. Ni kuma ban sani ba."

"To wa zai mutu in kin baƙanta uku maimakon biyu?"

Auta ta ɗauki fensirin da ba ya bukatar fiƙa ta hau fiƙe shi. Ta san ba wanda zai mutu. Kanta ya sani sarai, hannun ne bai sani ba. Da ta kai bakin fensir kan da'irar da take kokwanto, sai ta ji yatsunta sun ƙage, irin ƙagewar da suke yi a taga in ta ga adadin da bai yi kama da na yaro ba. Ta sha gwadawa ita kaɗai. Abin ba ya yiwuwa, kuma kunyar faɗa take ji.

Lahadin da ta biyo baya Yaya ta ce yau ita ma ɗaliba ce. Ta sa an yi mata kwafin sashen karatu a shagon hoto na kusa, ta karɓi fensir ɗaya, ta zauna a ɗaya gefen teburin. Takardar tambayoyin ma ba ta damu da ko a juye take ba. Ta bi daga sama har ƙasa tana baƙanta uku, uku, uku, can tsakiya ta koma biyu, wai don kada uku ya gaji. Kafin shayinta ya huce ta gama, ta miƙe ƙafa tana jiran Auta.

Da aka duba, Auta ta fi ta, amma da ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ki gaya wa mai walda ya ba ni gurbin! Ni ma na iya wanke tsofaffi, ga ni ɗaya a cikinsu." Tana cikin share hawayen dariya ta ga fuskar ƙanwarta, sai ta haɗiye sauran.

Abin ya yi wa Auta ciwo, ciwo na gaske. Shekara biyu tana bitar kanji, waɗannan haruffan masu kama da zanen gida da itace da ƙafar kaza, a cikin bas, a lokacin hutun rana, a kan layin ɗauko Cingam daga makaranta. Ta liƙa su a ƙofar firji da madubin banɗaki. Yau ga wadda ba ta san sama da ƙasan takardar ba tana taka mata dunduniya. Ta tattara fensiranta ta hau sama.

Washegari da hutun rana ta fita bayan ɗakin magani, inda ake tara kwalayen da aka gama da su, ta kira mijinta. In rana ta take a nan, can ya tashi daga aiki. Yana zaune a ɗan ɗakinsa da kwano a gaba, goshinsa da shatin hular walda. Ta ba shi labarin, tana jiran ya yi fushi a madadinta. Sai ta ga yana cije leɓe.

"Kai ma dariyar za ka yi, Baban Cingam?"

"Ban yi ba. Amma Yaya ta yi gaskiya. Ki cike kawai."

"Kowa sai ya ce kawai." Ta jingina da bango. "To ko na ci, ka tabbata gurbin na nan? Ka tabbata makarantar za ta karɓe ta? In na je na kasa gane abin da tsoho ke cewa fa?"

Ya ture kwanon gefe. "Ban tabbata ba. Ranar da na hau jirgi ma ban tabbatar da komai ba. Na dai duba abin da ke gabana na zaɓi wanda ya fi kama da daidai." Ya gyara riƙon wayar. "Jiya da kika ba Cingam wayar, cewa ta yi in jingina tawa wayar da wani abu in ja baya. Wai tana so ta ga ƙafafuna."

"Ka ja?"

"Na ja. Ɗakin bai kai ba, sai da na buɗe ƙofa na tsaya a waje."

Auta ta koma tagarta da wannan maganar a ƙirji. Ranar sau biyu ta ɗauki wayar tebur, kuma duk biyun abin da ta zata ne likitan ya faɗa.

Yaya ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, da aiki take bayarwa. Ta fara lura da yadda Auta ke karatu da yamma. 'Yan littattafai ne na masu koyo, sirara, da hotunan sanarwa da mai walda ke ɗaukowa a ƙofar bene: ranar fitar da shara, ranar da za a ɗauke ruwa. Auta ta karanta kalma biyu, ta ci karo da kanjin da ba ta sani ba, ta tsaya, ta buɗe ƙamus a waya, ta zana shi da yatsa, ta duba, ta sake dubawa. Shafi ɗaya ya cinye yamma guda. A haka kuwa ko an ba ta yini a ɗakin jarrabawa ba za ta kai ƙarshe ba.

Wata yamma Yaya ta zo wucewa ta ɗauke wayar ta jefa a aljihun riga.

"Yaya, ƙamus ɗina!"

"Karanta. In kin kai bangon baya ki karɓa."

"Akwai waɗanda ban sani ba."

"Tsallake. Ni in na tsaya ƙirga zare, wa zai rataya labule a garin nan?"

Auta ta karanta cikin fushi. Labarin wata tsohuwa ce mai gyaran laima. Wani mutum ya kawo mata tasa ya ce zai dawo gobe, bai dawo ba. Ta gyara ta rataye a bayan ƙofa, duk damina ta sauke ta kakkaɓe ta mayar. Kalmomin da Auta ba ta sani ba suna ta wucewa, kowacce sai ta ji kamar ta taka tsakuwa ba takalmi, amma ta ci gaba, don tana so ta gama ta karɓi wayarta. Can wajen tsakiya ta manta da wayar. A shafin ƙarshe wata mace ta shigo shagon da ruwa a jikinta, ta ce mahaifinta ya yi ta maganar wata laima kafin ya rasu.

Yaya ta fito daga kicin ta tarar da ita tana jan hanci.

"Lafiya?"

Auta ta ba ta labarin tun daga farko, har da launin laimar.

"Duk kalmomin kin san su?"

"A'a. Da yawa ban sani ba."

"To kukan me kike yi?"

Auta ta sake duba shafin ƙarshen. Yaya ta ajiye mata wayar a kan cinya ta koma wurin tukunyarta.

A gwajin da ya biyo baya, da agogo ya yi ƙara, Yaya ba ta ɗauki jan biro ba. Ta jawo kujera kusa, ta ɗora yatsa a giɓin farko.

"Ba cikewa za ki yi ba, kada hannunki ya karye. Nuna min kawai. Da za a sa miki wuƙa a wuya, wanne za ki ce?"

Auta ta sake duba tambayar. "Ba ɗaya ba ne, don mutumin bai je taron ba. Ba huɗu ba ne, wannan maganar matarsa ce. Tsakanin biyu da uku ne."

"Wuƙar tana nan fa."

"Biyu. Amma ban tabbata…"

"Ban tambaye ki ba." Yaya ta rubuta biyu a kan teburin da allin ɗinki. Haka suka bi giɓin ɗaya bayan ɗaya, Auta na zubar da wannan tana zubar da wancan, Yaya na rubutawa. Da suka kai ƙarshe ta ciro shafin amsa ta gwada. Mafi yawansu daidai ne.

"Kin ga? Wannan ai ba canki-canka ba ne. Nawa ne canki-canka, uku, uku, uku. Naki irin kallon da nake wa taga ne. Kin zaci ban san abin da nake yi ba? Shekara talatin nake kallon tagogi, idon ya riga baki sani."

Auta ba waɗanda ta ci take kallo ba. "Uku ban ci ba."

"Sai me?"

"Uku fa, Yaya."

"Da'ira uku, ba mutum uku ba. Ga su nan, ba wadda ta suma."

Ba a rana ɗaya hannun ya saki ba, kuma wanda ya ce hali na sauyawa da magana ɗaya bai zauna da mai hali ba. Da farko Auta ta koma shafa wa da'irar fensir sama-sama, yadda ba za a ce ta cike ba, ba za a ce ta bari ba. Yaya ta ɗaga takardar ga haske ta ce, "Na'ura ce fa za ta duba, ba ta san kunya ba. Danna." Ta riƙa dannawa a wasu, ta bar wasu. Littattafan kuwa ta koma cinye su ba ƙamus, ta gama ɗaya ta ɗauki wani, sai ta kai ƙarshe take komawa ta nemi kalmomin da suka fi damunta. Saurinta ya ƙaru. Duk da haka a gwajin ƙarshe, ana saura mako ɗaya, sai da ta bar giɓi huɗu. Yaya ta kalle su, ta kalle ta, ta miƙo akwatin magani a jera mata.

A wata makaranta aka yi jarrabawar, cikin aji mai ƙananan tebura da aka manna wa lambobi. Yaya ta rufe shago ta rako ta har bakin ƙofa, ta samu inuwa ta zauna, kafin a shiga ta riga ta san tarihin iyaye uku. A ciki aka sa kowa ya kashe waya ya sa a jaka. Masu sa ido suka karanta dokoki, suka bi suna gwada fuska da hoto. Yawancin masu zaman yara ne, wasu Auta ta kusa haifarsu. Ta ajiye agogon hannunta a gefen takarda, fensir biyu, magogi.

Kalmomi suka wuce lafiya. Bayan ɗan hutu aka raba na nahawu da karatu, waɗanda a takarda ɗaya suke zuwa. Ta bi yadda ta saba yanzu, ba tsayawa: wasiƙar wani ga maƙwabcinsa, bayanin wata mata kan dalilin da ya sa ta daina sayen littattafai ta koma aro, sanarwar wurin ninƙaya da ranakun da yara ke shiga. Wanda ta sani ta baƙanta. Wanda ta yi kokwanto ta zubar da biyu, ta sa ɗan ɗigo kusa da wanda ya fi kama, ta wuce. Da ta kai ƙarshe ta dubi agogo, saura kaɗan. Ta dubi takardar amsa, ga bakin Cingam yana kallonta.

Sai ta ga hannunta na dama ya saki fensir ya tafi gefen tebur yana lalube. Wayar tebur yake nema. Ba abin da ya samu sai katako da tsohon cingam da wani ɗalibi ya manna a ƙasa. Tsoro ya kama ta sosai. Babu likita, babu Yaya, babu ƙamus, babu wanda za ta tambaya. Ta tuna mutum tsaye a wajen ƙofar ɗakinsa da safa a ƙafa, don 'yarsa ta gan shi gaba ɗaya.

Ta ɗauki fensirin ta danna a giɓin farko. Ta danna da ƙarfin da bakinsa ya karye. Ta ɗauki na biyu ta bi sauran, inda ɗigo yake nan take baƙantawa, ba ta sake karanta ko ɗaya ba don ta san in ta karanta za ta goge. Tambaya ta ƙarshe ko ɗigo babu, ba ta gane ta ba sam. Ta baƙanta uku. Mai sa ido ya ce a ajiye fensir.

Sashen sauraro ya zo ya wuce. Da ta fito, Yaya ta taso tana kakkaɓe riga.

"Giɓi nawa?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Na ƙarshen naki na sa. Uku."

"To wannan kam kin ci shi," in ji Yaya, ta karɓi jakar ta rataya.

Abin da Auta ba ta gaya wa kowa ba shi ne da fargaba ta koma aiki ranar Litinin. Gani take hannun da ya koyi baƙanta abin da bai tabbatar ba zai iya miƙa shi ta taga. Kafin ƙarfe goma aka kawo kati mai rubutu kamar tafiyar tururuwa. Ta san abin da aka rubuta, kusan. Ba ta ankara ba ta ji bakinta ya ce, "Bari in tambaya," hannun kuma ya riga ya kai kan wayar. Na layi suka yi tsaki, ita kuwa daɗi ya rufe ta. Hannun bai ruɗe ba, ya san takardar jarrabawa daban, taga daban.

Sakamakon ya ɗauki kusan wata biyu. A shago ta duba, tsaye tsakanin bandir-bandir na yadi, Yaya na leƙe ta kafaɗarta tana cewa, "Me suka ce? Wannan zanen na ci ne ko na faɗuwa?" Ta ci. A karatu da ƙyar ta haye layin, irin hayewar da giɓi biyu sun isa su hana. Yaya ta yi ihun da ya fito da mai shagon hoto da gudu. Mai walda da aka kira shi ya rufe fuska da tafin hannu yana gyaɗa kai, Cingam na tsalle tana tambayarsa ko a can ma akwai lilo.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri: takardu, allurai, ajiye aiki, jakunkuna. Yaya ce kan gaba a komai. Ta ɗinka musu labule biyu na ɗakin da ba ta taɓa gani ba, daga hoton waya, ta ce in bai kai ba a sa leshi. Sai dai surutunta ya ragu, kuma sau biyu Auta ta tarar da ita zaune a kan keke ba ta ɗinki.

Lahadin ƙarshe, aka share teburin yanka kamar kullum, amma babu fensir babu agogo. Auta ta baje kwalayen magani. A wannan watan kamfani ya sauya, mai ruwan hodar ya koma fari, girmansu kusan ɗaya da na safen.

"Yaya, zauna ki ji. Na yi magana da wadda ke taga ta biyu, duk Lahadi za ta biyo ta jera miki. Amma wata rana ba za ta zo ba. Wata rana akwatin zai faɗi su watse. Wata rana za a sake sauya kwali."

"Zan gane. Da ido."

"Ba za ki gane ba. Allurar keke ma yanzu Cingam ke zura miki zare, kin zaci ban gani ba?"

Yaya ta kau da kai tana tsince zare a rigarta.

"Wannan ba labule ba ne, ba a ƙara masa leshi. In kin sha na yamma da safe kika ƙara da na yamma, jiri zai kayar da ke a kan matakala, ba kowa a gidan. In ba ki tabbata ba, kada ki kai baki. Ki ɗauki hoto ki kira ni."

"Lokacin kina barci."

"Ki tashe ni."

"Kina da aiki, kina da miji, kina da tsofaffinki na can."

"Ki tashe ni, Yaya."

Yaya ta daɗe tana kallon teburin. Har yanzu ana ganin inuwar lambobin da ta rubuta da alli, goge-goge bai fitar da su duka ba. Ta sa yatsa a kan wani biyu tana murzawa.

"Ni da kaina na zaunar da ke a nan na ce ki danna," ta ce. "Duk Lahadi. Ban taɓa tsayawa na ce wa kaina, ke, in ta danna tafiya fa za ta yi ba."

"Da kin tsaya, da ba ki koya min ba?"

"Da na koya miki mana. Kawai da ban yi dariya da yawa haka ba."

Ta jawo kwalayen biyu, ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga kowanne, ta rufe su a tafin hannu ta girgiza, ta buɗe. Ta gyara tabarau, ta kai su kusa da ido, ta nisanta, ta juya wajen hasken ƙofa. Yatsanta ya tafi kan ta dama, bakinta ya buɗe zai faɗa kamar yadda ya saba faɗin yadi. Sai ta tsaya. Ta miƙo tafin hannun ƙetaren tebur.

"Bari in tambaya," ta ce. "Wanne ne na safe?"

Auta ta san amsar, wannan kam ta tabbata.  Ta riƙe hannun Yaya daga ƙasa da nata, ta nuna mata ta hagu.